Maigidana ya yi minti arba'in a teku jirgi bai gan shi ba

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, 'ya'yanmu biyu, shekara huɗu ke nan muna zaune a Jidda inda maigidana ke aiki. Mutumin Yauri ne, a bakin kogi ya tashi. Bara abokan aikinsa suka ja shi wannan nutson da ake yi da tukunyar iska a baya, ya yi kwas ya karɓi katin matakin farko, tun daga nan kusan duk Asabar yana teku. Mako uku da suka wuce ya dawo bayan magariba fuskarsa ta ƙone da rana, ya ce mini gajiya ce kawai. Sai daga baya matar abokinsa ta gaya mini gaskiya: ya rabu da abokin nutsonsa a ƙasa, ruwa ya ja shi, ya taso nesa, ya yi kusan minti arba'in yana ɗaga hannu yana ihu jirginsu bai gan shi ba, sai wasu masunta ne suka tsince shi. Da na tuntuɓe shi dariya ya yi, ya ce shi ɗan ruwa ne, kuma in kwana ya ƙare ko a kan gado ne sai an tafi. Duk kayan da yake shiga da su na haya ne. Na ce ya sayi nasa, ya ce kuɗin ginin da muke yi a gida ya fi. Ni dai barci ya gagare ni, so nake ya daina gaba ɗaya. Na yi tunanin kiran mahaifiyarsa, na san in ta ce ya bari zai bari, amma tana da hawan jini, kuma ina tsoron ya ce na kai ƙararsa. Yaya zan yi?

Maman biyu, daga Jidda

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya ƙara tsarewa, Ya kuma saka wa masuntan nan da alheri. Tsoron da kike ji yana kan hanya, kada ki bari dariyarsa ta sa ki ɗauka ke ce mai zuzuta abu. Minti arba'in mutum shi kaɗai a tsakiyar Bahar Maliya, rana tana yin ƙasa, ba abin dariya ba ne. Kuma ina kyautata zaton shi ma ya san haka. Namijin da ya dawo gida ya ce gajiya ce, ya yi shiru har mako uku, ba mantawa ya yi ba. Abin ya taɓa shi, kunya ce da gudun kada a hana shi suka rufe masa baki. Na lura ma a wasiƙarki abu biyu ne ke cin ki: hatsarin, da kuma jin labarin mijinki a bakin matar wani. Na biyun yana da nasa zafin, kuma za mu zo kansa.

Amma ba zan goya miki baya kan ya daina gaba ɗaya ba, aƙalla ba yanzu ba. Mutumin da ke aiki a ƙasar wasu, nesa da dangi, ya samu abu ɗaya da ke wanke masa kai a mako, in kika ƙwace shi da ƙarfin Hajiya mahaifiyarsa, zai iya bari, amma zai riƙe ki a zuciya. Ko kuma ya ci gaba a ɓoye, wanda ya fi muni, domin ranar da wani abu ya faru ba ki san jirgin da ya hau ba. Mutane masu yawan gaske suna wannan nutso shekara da shekaru lafiya lau. Abin da ya sami maigidanki kuwa yana da magani sananne, kuma abin haushin shi ne maganin ba shi da tsada.

Ki yi tunanin abin da direban jirgi ke gani. Mai nutso in ya taso, kansa kawai ke sama da ruwa, galibi cikin baƙaƙen kaya, kamar ƙwarya ce ta kife a kan ruwa. Bahar Maliya kuma iskar arewa tana yawan kaɗa ta, kumburin ruwa kaɗan ya isa ya ɓoye kan mutum, ihu kuwa iska da ƙarar inji sun cinye shi. Shi ya sa masu nutso ke ɗaukar wata doguwar balan-balan mai ruwan lemo ko ja, tsayinta daga mita ɗaya da 'yan kai zuwa kusan mita biyu, a naɗe take kamar tabarmar yara a aljihu, da ɗan ƙoshiyar zare. Mai nutso yana hura mata iska tun yana ƙasa, ya sake ta ta hau sama ta miƙe tsaye, shi kuma yana riƙe da zaren. Da haka jirgi ke bin sa tun kafin ya taso, jiragen da ke wucewa kuma su kauce kada farfela ta same shi. Da yana da ita ran nan, da wuya a ce ya yi minti arba'in. Sai dai saya kawai ba ta wadatar. Wanda bai iya ba zaren kan naɗe masa hannu ko kaya, balan-balan ta fizge shi sama da gudu, wannan kuwa wani hatsarin ne dabam. Don haka ba a ɗaure ƙoshiyar a jiki lokacin hurawa, kuma ya kamata ya nemi malamin nutso ya koya masa a ruwa marar zurfi har hannunsa ya faɗa.

Tare da ita sai usur, irin na roba wanda ba shi da ɗan ƙwallo a ciki, a ɗaure a kafaɗar riga inda baki zai kai. Sai ɗan madubi na haska wa jirgi hasken rana, wanda ake hangowa daga nesa ƙwarai, har daga jirgin sama. Sai ƙaramar tocilar ruwa ko da nutson rana ne, domin wanda ruwa ya ja da la'asar ba ya zaɓen lokacin da za a same shi, kuma in duhu ya yi balan-balan ba ta da amfani sai an cusa tocila a gindinta ta haska. Waɗannan huɗun duka suna shiga aljihu ɗaya. Ki sa shi ya tambayi kuɗinsu a shagunan kayan nutso na wajen Ubhur, ya gwada da abin da yake biya na fita ɗaya ko biyu a jirgi, sannan ya dawo ya sake gaya miki zancen gini. Akwai kuma wata 'yar na'ura, Nautilus LifeLine, da ke aika wa rediyon jiragen da ke kusa daidai inda mutum yake. Ta fi tsada, kuma ya fara tambayar shagon ko hukuma ta yarda a yi amfani da ita a wurin, amma ga mai zuwa tsibiran murjani na nesa da gaɓa ta cancanci kuɗinta.

Kada ya ce miki ai jirgi ba ya barin mutum. A watan Janairun 1998, a babban tudun murjanin Ostiraliya, jirgi ya koma gaɓa ya bar wasu ma'aurata Amurkawa a cikin ruwa saboda an yi kuskuren ƙirga kawuna. Sai bayan kwana biyu aka farga, kuma har yau ba a same su ba. Wannan ya sa nake ɗora wa masu jirgin da ya fita da maigidanki nasu kason na laifi. Jirgin kirki yana kiran suna ɗaya bayan ɗaya bayan kowane nutso, yana da mutumin da aikinsa kawai duban ruwa, yana da rediyo da tukunyar oksijin ta gaggawa. In wanda suke hawa ba ya yin haka, su canja, ko da ya fi araha.

Sai abokin nutson. Ƙa'idar da aka koya wa maigidanki a kwas ita ce in kun rabu, ku duba juna kamar minti ɗaya, in ba ku haɗu ba kowa ya taso a hankali ku haɗu a sama. Tambayar da ya kamata a yi ita ce abokin nan ya taso ya sanar da jirgi nan take, ko ci gaba ya yi da kallon kifinsa? Ban ce ku ɓata da shi ba, amma aboki a ofis dabam, aboki a ƙarƙashin teku dabam. A can ƙasa abokinka shi ne tukunyarka ta biyu.

Wannan ya kawo ni kan iskar tukunya, wadda ita ce ta fi ba ni tsoro fiye da ɓata a sama. Ƙungiyar DAN, wadda aka kafa a Amurka a 1980 don lafiyar masu nutso, ta bi diddigin mutuwar mutum 947 tsakanin 1992 da 2003. Cikin waɗanda aka gano mafarin abin, kashi 41 cikin ɗari ƙarewar iska ce ta fara jawo shi, kashi 20 maƙalewa ce a wani abu, kashi 15 matsalar kaya. Dalilin saurin ƙarewar iska kuwa shi ne matsin ruwa. A zurfin mita 10 matsin ya ninka na sama sau biyu, a mita 20 sau uku, a mita 30 sau huɗu, kuma haka shan iskar mutum ke ninkuwa. Tukunyar da aka cika ma'auninta ya nuna 200, ƙa'ida ita ce mutum ya kasance ya dawo sama da ragowar 50, ya riƙa duba ma'aunin a kai a kai yana nuna wa abokinsa. Kowane mai nutso kuma yana da bakin shaƙa na biyu mai rawayan tiyo, wanda suke kira oktofus, a maƙale a ƙirji inda abokin da iskarsa ta ƙare zai iya cafka ba tare da lalube ba. A kayan haya shi aka fi sakaci da shi, yakan yi ta jan yashi ba wanda ya kula. Ya shaƙi duka biyun a kan jirgi kafin ya faɗa ruwa, idonsa a kan ma'auni. In allurar tana rawa, to akwai matsala. Wasu kan ƙara da wata 'yar tukunya ta daban mai nata bakin shaƙa. Ni a ganina ga mai katin matakin farko, wanda iyakarsa mita 18 ce, ba ita ce kan gaba ba. Ya tsaya a iyakarsa kusa da abokinsa ya fi masa ita.

Maƙalewa kuwa a ruwan da masunta ke aiki, zaren fatsa ne, irin na leda ɗin nan da ba a ganinsa cikin ruwa, ko ragowar koma. Ba doguwar wuƙar da ake ɗaurawa a ƙwauri don hoto ake bukata ba. Ƙaramin almakashi ko 'yar reza mai ƙugiya sun fi cin irin wannan zare, kuma gara guda biyu a wurare biyu, yadda kowane hannu ya kuɓuta zai kai ga ɗaya.

Zancen shi ɗan ruwa ne, a nan nake so ki yi masa magana da lalama, domin abin alfaharinsa ne. Iyon da ya koya a kogin Kwara gaskiya ne, wataƙila ma shi ya hana shi ruɗewa a minti arba'in ɗin nan. Amma yaron kogi abin da jikinsa ya sani shi ne in abu ya ɓaci ka riƙe numfashi ka yi sama da sauri. Ga mai nutso da numfashin da ya ɗauka a sama, wannan daidai ne. Ga wanda ya shaƙi iskar tukunya a ƙasa, shi ne abin da ke kisa: iskar da ke huhunsa tana kumbura yayin da yake hawa, daga mita 10 zuwa sama ta ninka biyu, in bai fitar ba huhu ya tsage, kumfa ya shiga jini ya tafi ƙwaƙwalwa. 'Yan mitoci kaɗan sun isa. Dokar farko a kwas ɗinsu ita ce kada ka taɓa riƙe numfashi, amma ranar firgici abin da aka koya da ƙuruciya shi ke riga zuwa. Amfanin kayan ajiyar nan duka shi ne su sa ƙaramar matsala ta tsaya ƙarama, kada ta kai mutum ga firgici. Masu magana sun ce ruwa kan ci gwani.

Batun kwana in ya ƙare kuwa, ba musu a kai, amma bai cika zancen ba. Wanda ya tambayi Annabi (SAW) ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya yi tawakkali, cewa aka yi ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Ba sai kin yi masa wa'azi ba, ya san hadisin. Ki dai tambaye shi ko a ginin da kuke yi a gida ya ce wa magini ya bar rodi saboda Allah ne mai tsarewa.

A kan haya, bai yi kuskure gaba ɗaya ba. Tukunya da dalmar da ke taimaka wa mutum ya nutse da rigar iskar da ke taso da shi ana hayarsu a shagon kirki ba laifi, ba dole ya zuba kuɗi ya sayi komai ba. Abin da zan ce ya mallaka bayan kayan aljihun nan shi ne tabaran ruwa da ya zauna masa a fuska, da kwamfutar hannu irin mai kama da agogo. Ita ce ke lissafa iskar naitrojin da jikinsa ya sha, ta gaya masa mintocin da suka rage, ta yi ƙara in yana hawa da sauri, ta tsayar da shi minti uku a mita 5 kafin ya fito. Ba a yin tarayya a kanta, domin lissafin jikin mutum ɗaya take riƙewa daga nutso zuwa nutso. Ya kuma haɗa 'yar jaka ta maɗaurin tabarau da na takalmin iyo da zobban roba na bakin tukunya, don kada abu ya tsinke a kan jirgi ya ce bari in lallaɓa haka nan tunda na riga na biya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ke ma kina da aiki, kuma ina ganin shi zai fi rage miki fargaba. Ciwon da naitrojin ke jawowa, in ta yi kumfa a jiki bayan mutum ya taso, sau da yawa ba a jirgi yake bayyana ba, sai an dawo gida, galibi cikin awannin farko har zuwa kwana guda. Ke ce za ki gan shi a lokacin. In ya yi kukan ciwon kafaɗa ko gwiwar hannu ba tare da buguwa ba, ko mutuwar gaɓa da jin kamar ana tsira masa allura, ko jiri, ko ƙuraje masu dabbare-dabbare a ƙirji da ciki, ko gajiyar da ta wuce misali, ko tafiya tana karkata, ko fitsari ya ƙi fita, kada ki karɓi "gajiya ce". Masu wannan ciwo sun shahara da musu. Ki kwantar da shi, ki kira 911 ko motar asibiti ta 997, ki ce musu ya yi nutso da tukunya yau, domin oksijin tsantsa yake bukata da ɗakin matsin iska na asibiti. Tun yanzu ya tambayi shagon wane asibiti ne ke da ɗakin, ki ajiye a wayarki, ya kuma duba ko inshorar wurin aikinsa ta ɗauki hatsarin nutso. In ba ta ɗauka ba akwai inshora ta musamman da DAN ke yi. Kada ya hau jirgin sama sai bayan awa 12 da nutso ɗaya, ko awa 18 in ya yi fiye da ɗaya, wasu ma sukan cika kwana guda. Ga wanda mazauna Jidda ke mantawa: Ɗa'ifa tana sama da mita 1,800, hawanta a mota bayan nutso kusan ɗaya yake da hawa jirgi. Kada ya fito daga teku da azahar ku kwashi yara ku tafi shan iska can da yamma.

Ba ki faɗi shekarunsa ko lafiyarsa ba. In ya haura arba'in, ko yana da hawan jini irin na Hajiya, ko asma, ko ciwon suga, ya ga likitan da ya san harkar nutso. A binciken da na ambata, kusan kashi ɗaya cikin huɗu zuciya ce ta kayar da su. Mu kuma da sikila ta yi yawa a cikinmu, ya san ko jininsa AA ne ko AS ko SS ya gaya wa likitan. Mai cutar sikila ba ya wannan nutso.

Yanzu Hajiya. Kada ki kira ta. Tsohuwa mai hawan jini a Yauri, ɗanta a wata ƙasa, ba abin da za ta iya sai kuka da kwana a zaune, shi kuma zai ji kin tsallake shi kin tona masa asiri a gida. Ki zaɓi daren da ba gobensa zai fita ba, yara sun yi barci, ki fara da abin da ya fi miki ciwo: "Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne a bakin wata na ji. Ni ce zan riƙe yaran nan in wani abu ya same ka, ban cancanci ka ɓoye mini ba." Sannan ki bar shi ya ba ki labarin da bakinsa, daga farko har ƙarshe, ba tare da kin katse shi ba. Wataƙila bai taɓa faɗa wa kowa yadda ya ji a cikin ruwan nan ba. Bayan haka ki kawo bukatarki, ki ce ba hana shi kike yi ba, amma ya dakata har sai kayan aljihun sun samu kuma malami ya koya masa sakin balan-balan. In kina da ɗan abin hannunki, ki riga shi ki sayo usur da madubin da kanki ki ba shi kyauta. Da wuya ya bar su a gida.

In ya ƙi, ya ce sai dai ya ci gaba yadda yake, to an wuce zancen kaya, an shiga zancen haƙƙin iyali. Nan ne za ki nemi wanda yake jin nauyi, yayansa ko wani dattijo cikin 'yan'uwanmu da ke Jidda, kuma ki gaya masa tun kafin ki je cewa za ki je. Hajiya ita ce ta ƙarshe, kuma ko ta kama, ta bakin yayan ya kamata ta ji, cikin dabara.

Ku kuma yi yarjejeniya kan ranakun Asabar. Kafin ya fita ya turo miki sunan jirgin, lambar direban, wurin da za su, da lokacin da suke sa ran dawowa gaɓa. Da ya fito daga nutson ƙarshe waya ta samu, ya kira ki. In awa ɗaya ta wuce kan lokacin da ya faɗa babu shi babu direban, ki kira dakarun tsaron iyaka masu kula da teku a 994, ba sai kin jira izinin kowa ba, kuma ya san tun yanzu cewa za ki kira. Ki rubuto mini bayan kun zauna, ƙanwata, ki gaishe mini da yaran.